Yadda ake zaɓen salula mai jure wahala da yadda ake riƙon ta

Duk ɗan kabu-kabun da ya wuni tsakanin babbar kasuwar Maradi da hanyar Madarunfa lokacin hunturu ya san abin da ƙura ke yi wa salula. Tana cika ramin caji, tana toshe sifika har sai ka manna wayar a kunne kafin ka ji mai magana. Magini kuma tasa daga saman gini take faɗowa. Don irin waɗannan mutane aka ƙera wayoyin nan masu kauri da roba a kusurwa huɗu, irin su Blackview, Ulefone, Doogee da Oukitel na Sin, ko Galaxy XCover ta Samsung. Sai dai kauri kaɗai ba ya nuna ƙarfi, kuma akwai masu kama da su a kasuwa da ba su da komai sai rigar.

Fara da tambayar kanka ko kana buƙatarta. In aikinka na cikin shago ne, ka sayi riga mai kyau da gilashin kariya ka sa wa wayarka, kuɗinka su huta. Mai noman aya ko gyaɗa, mai bin kasuwannin ƙauye da dabbobi, direban da ke zirga-zirga zuwa Ɗan Isa, su ne wannan magana ta shafa.

In ka shiga shago, karɓi kwalin ka nemi haruffan IP da lambobi biyu a gabansu. Nan ne ya kamata ka tsaya sosai. Lambar farko ta ƙura ce, kuma 6 ce ƙarshenta, ma'ana ƙura ba ta shiga ko kaɗan. Ta biyu ta ruwa ce: 7 tana nufin an gwada wayar a zurfin mita 1 na minti 30, 8 kuma ya wuce haka, gwargwadon abin da kamfanin ya faɗa. IP69K gwaji ne na feshin ruwan zafi mai ƙarfi. Mai shago zai fi cika ka da zancen ruwa, wani ma ya tsoma wayar cikin bokiti don ka gani. A wurinmu ruwan sama bai wuce wata uku zuwa huɗu ba, ƙura kuwa kusan shekara take yi, don haka lambar farko ta fi muhimmanci. In ka ga X a madadinta, kamar IPX8, ba a ba da wata shaida kan ƙura ba, ka ajiye ta.

Za ka kuma ga an rubuta MIL-STD-810H. Tsarin gwaje-gwaje ne na sojan Amurka, da ya haɗa da faɗuwa, girgiza da zafi. Amma ba soja ne ke duba wayar su sa hannu ba, kamfanin ne ke zaɓen gwajin da yake so ya yi. Ni dai ba na ƙara ko dala saboda wannan rubutun.

Daga nan sai gwaji da hannunka. Danna *#06#, lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, za ta fito, ka gwama ta da wadda ke jikin kwali. In sun saɓa, ka tashi. Sa layinka na Airtel, Moov ko Zamani ka ga ko 4G ta hau, domin wasu wayoyin an yi su ne don kasuwar wata ƙasa, rezonmu ba ya kama su da kyau. Sannan ka fito da ita rana. Allon da ke haske a cikin shago yana iya zama baƙi ƙirin da tsakar rana, kuma kai a waje za ka riƙa karanta saƙo. Kira wani ka ji ƙarar sifika cikin hayaniyar titi.

Ka jinjina nauyinta kuma. Waya ta yau da kullum tana da batir na wajen 5000 mAh da nauyin kusan giram 200. Waɗannan akwai masu 10000 mAh da fiye, abin so ga wanda zai kwana biyu a gona ba wuta, har wasu na iya yi wa wata wayar caji. Amma nauyin yakan ninka, aljihun gaban riga ba ya ɗauka. Kafin ka biya, ka leƙa wurin masu gyara ka tambaye su ko ana samun allo da batir ɗin wannan samfurin, ko sai an aika Kano. Wayoyin CAT sun yi suna, amma kamfanin Bullitt da ke ƙera su ya rufe a 2024, don haka mai sayen su yanzu ya yi tunanin kayan gyara. Garanti kuma ka karanta shi: yawanci ba ya ɗaukar ɓarnar ruwa, ko da an rubuta IP68.

Bayan ta zama taka, kula da ƴar marfin robar da ke rufe ramin caji, in samfurin yana da ita. Ka rufe ta ruf duk lokacin da ka zare caja, domin da zarar ta saki ko ta tsinke, lambobin kwali sun tashi aiki. In wayar ta jiƙe, kada ka sa ta caji sai ramin ya bushe sarai. Ramin da ya cika da ƙasa ana share shi da tsinken sakace a hankali, ba da allura ba. Masu walda su riƙa duba sifika, maganaɗisun cikinta na jawo garin ƙarfe.

Zafi ne abin da roba ba ta karewa. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Maradi ke haura digiri 40, wayar da aka ɗaura a kan babur ko aka bari gaban mota tana dahuwa, batir ɗin lithium kuma zafi ne ke tsufar da shi, har ya kumbura. Ka yi caji da dare ko a inuwa, kada ka ɗora ta kan faifan sola tana caji. Ranar da mai gyara ya buɗe ta kuwa, ka ce masa ya sake sa sabon danƙo a gefen murfin, kuma daga ranar ka daina yarda da ita kusa da ruwa.