Yadda ake girke jirgin ado a filin jirgi cikin FlightGear

Ka sauka lafiya a FlightGear, manhajar kwaikwayon tuƙin jirgin sama a kwamfuta, ka gangaro wurin ajiye jirage, sai ka tarar da fili fayau, ko jirgi ɗaya babu. Maganin abin shi ne ka ɗauki jirgin da ake tuƙawa, ka rage masa kaya, ka girke shi a wurin kamar gini. Abin da kake bukata Blender ne, manhajar ƙera siffofi na 3D, da ƙarin manhajar da ke ba shi damar buɗe fayil mai ƙarshen .ac, wato tsarin AC3D da yawancin jiragen FlightGear suke amfani da shi.

Kafin komai, leƙa babban fayil (folda) ɗin AI/Aircraft da ke cikin fayilolin FlightGear. Jiragen da ke can an riga an yi su marasa nauyi, in ka samu wanda kake so ka huta da rabin aiki. In babu, shiga Aircraft, ka nemi jirgin, ka kwafe Models ɗinsa zuwa wani wuri. Kada ka taɓa na asali. Duba lasisinsa kuma: da yawa suna ƙarƙashin GPL, wanda ya yarda ka gyara ka raba muddin ka bar aikin kan wannan lasisin, amma ba duka ba.

Yanzu sai fiɗa. Buɗe jirgin a Blender ka goge duk abin da ido ba ya gani daga waje: ɗakin matuƙi da agogunansa, kujerun fasinja, cikin inji, ramin tayoyi. Mutane kan ji tausayin ɗakin matuƙi saboda kyansa, alhali shi ya fi komai cin ƙarfin kwamfuta, kuma babu mai leƙa shi daga nisan mita 200. Goge shi, ka shafa wa tagogi launi mai duhu don kada a hango cikin a wofi. Idan jirgin mai farfela ne, za ka ga wani faifai mai hazo da ke nuna farfela na juyawa, shi ma cire shi ka bar fukafukan farfelar kawai. Abin da ya rage ka bi shi da Decimate, kayan aikin Blender mai rage yawan ɓangarorin siffa, a hankali, kana dubawa. Da zarar hancin jirgin ya fara kama da ƙwaryar da aka taka, ka wuce gona da iri, koma baya. Hotunan fentin jiki kuma ka rage girmansu zuwa pixel 1024 ko 512.

Sai ka daidaita tsayi. Jirgin tuƙi cibiyarsa kan kasance a tsakiyar jiki, don haka in ka ajiye shi haka zai nutse cikin kwalta har ciki. Ɗaga shi a Blender har ƙasan tayoyi ya zauna daidai kan sifili, sannan ka fitar da shi a matsayin .ac.

Ga inda aka fi yin tuntuɓe. Kowane jirgi yana zuwa da fayil ɗin XML mai sarrafa motsinsa, kuma kwaɗayi kan sa a kwafo shi gaba ɗaya. Wannan fayil yana karanta bayanan jirgin da kake tuƙawa ne. Sakamakon haka, kana ɗage tayoyinka bayan tashi, jirgin da ke fake a ƙasa shi ma ya naɗe nasa ya tsaya a iska kamar na aljanu. Rubuta sabon XML gajere, mai nuna hanyar fayil ɗin .ac kawai, ka ƙara masa animation nau'in range don jirgin ya ɓace idan ka yi nisa, misali bayan mita 3000.

Saura girkawa. Buɗe naka babban fayil na shimfiɗar ƙasa daban, don abin da ka sa cikin na TerraSync, wato tsarin da ke sauko wa FlightGear da shimfiɗar ƙasa daga intanet, yana iya shafewa a sabuntawa ta gaba. A cikinsa kowane yanki na da mazauninsa: misali, filin jirgin Malam Aminu Kano, mai lambar DNKN, yana faɗawa cikin Objects/e000n10/e008n12. A nan za ka ajiye jirgin da hotunansa da XML ɗinsa, tare da fayil ɗin .stg, wanda ke gaya wa manhajar inda za ta girke shi, mai layi ɗaya: OBJECT_STATIC, sunan fayil ɗin XML, sai lambar gabas ko yamma, sai ta arewa ko kudu, sai tsayi daga teku da mita, sai fuskar da jirgin ke kallo. Lura da jerin, domin taswirori sun saba fara kawo ta arewa, nan kuwa ita ce ta biyu. Fuskar ma ana ƙirga ta ne saɓanin tafiyar agogo.

Ni dai ba na wahalar da kaina da lissafin nan. Tashi da UFO, wani jirgi na musamman da ke cikin FlightGear da ake amfani da shi wajen girka abubuwa, ka loda jirgin, ka danna inda kake so ya zauna, ka juya shi, sannan ka latsa harafin d. Zai fitar maka da layin da sunan fayil ɗin .stg da ya dace, kwafa kawai za ka yi. Ƙara babban fayil ɗinka a sashen Add-ons na allon farawa, ka sake kunna manhajar, ka matso kusa ka duba ko tayoyin sun taɓa ƙasa.