Mura ba ta jin amoxicillin

'Yan uwa, in mura ta kama ku, kada ku ɓata kuɗi kan amoxicillin.

Ƙwayar cutar bairos ce ke kawo mura, shi kuwa maganin amoxicillin ƙwayoyin cutar bakteriya kaɗai yake kashewa. Ku sha ruwa, ku huta, yawanci cikin kwana 7 zuwa 10 take wucewa. Ko majina ta koma koriya, wannan ba hujjar shan amoxicillin ba ce.

Abin da ya fi damuna, shansa ba dalili yana kashe raunanan bakteriyar jikinku, masu taurin kai su hayayyafa. Ranar da kuke buƙatarsa da gaske, sai ya ƙi ci.

Amma in zazzaɓi ya wuce kwana 3, numfashi na sarƙewa, ko kunne na zubar da mugunya, ku je asibiti. Jariri kam, kada a jira.