Yadda za ka hana laftof ɗinka jan ƙafa idan an ɗauke wuta

Muddin caja na jone, komai na tafiya sumul. Ana ɗauke wuta, sai laftof ta fara nawa, Excel ya yi ta tunani kafin ya buɗe. Galibi ba lalacewa ba ce. Da gangan aka tsara furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar (CPU), ta rage gudu da shan lantarki idan ta koma kan batir: Intel na kiran dabarar SpeedStep, AMD kuma ta fara da PowerNow. Inda wuta ba ta yankewa, babu mai damuwa. Mu da rabin aikinmu a kan batir muke yinsa, dole mu san inda ake juya abin.

Fara da tabbatarwa. Danna Ctrl, Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe. Shiga Performance, ka zaɓi CPU. Akwai Base speed, wato asalin gudun furosesar, da Speed, gudun da take yi yanzu. Idan ba a aikin komai, ganin Speed a ƙasa daidai ne. Sai ka ɗora mata aiki mai nauyi, ka zare caja, idonka na kan lambar. In ta zube ta ƙi tashi, an kama ɓarawon.

A Windows 11, je Settings, System, sannan Power & battery. A Power mode ka zaɓi Best performance alhali cajar a cire take, domin Windows na riƙe saitin batir daban da na wuta. A Windows 10 alamar batir da ke kusa da agogo za ka danna, ka ja maɓallin zuwa dama. A shafin batir na Settings kuma duba Battery saver, wanda sababbin Windows ke kira Energy saver. Yakan kunna kansa idan caji ya yi ƙasa, a da daga kashi 20 cikin ɗari. Rage adadin, ko ka kashe shi.

Idan har yanzu shiru, buɗe Control Panel, Power Options, Change plan settings, Change advanced power settings, ka nemo Processor power management. A ƙarƙashin Maximum processor state, layin On battery ya zama 100. Ko 99 ka gani, gyara shi, don a laftof da yawa wannan ɗayan kaɗai na hana furosesa ƙarin gudun da ake kira Turbo. Amma kar ka bi masu cewa a kai Minimum shi ma 100. Bar shi a 5. Ɗaga shi ba ya ƙara maka komai sai zafi da kukan fanka. Kar ka manta da manhajar kamfani, irin su Lenovo Vantage da MyASUS, su ma suna da nasu saitin, wani lokaci shi ke danne na Windows.

Akwai inda saiti ba ya magani. Yawancin laftof ɗinmu na hannu ne, batirinsu ya sha jiki. Buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport. Rahoton zai nuna Design capacity da Full charge capacity. In na biyun ya koma rabin na farko, batirin ne ba ya iya ciyar da furosesar, sai canji. In kuwa gudun ya maƙale a 0.39 ko 0.79 GHz ko da caja a jone, zargi cajar. Dell, misali, kan rage gudu da gangan idan ba ta gane cajar da aka sa mata ba, har ta yi gargaɗi wajen kunnawa. Zafi ma haka: ƙurar hunturu ta toshe fanka, ga laftof a kan katifa, furosesa na dosar digiri 100 za ta ja birki da kanta. A kai wa mai gyara ya busa ta.

Masu laftof ɗin gem, wato na wasannin kwamfuta, kuwa su yi haƙuri. Na'urar da cajarta ke ba da wat 200 ba za ta samu haka daga batir ba, kowane saiti aka juya.

Kuma Best performance na cin caji da sauri. Idan rubutu kawai kake yi kuma ba ka san ranar dawowar wuta ba, mayar da Power mode zuwa Balanced.