Kyautar kwana uku a Orlando da abin da ke bayanta

Idan ka yi shekara guda a Amurka, ka samu katin bashi, sunanka ya shiga kwamfuta, to ka saurari kira. Ko a waya, ko a harabar otal, wani mai fara'a zai ce maka ka ci kyauta: kwana uku a Orlando ko Las Vegas, har da tikitin wurin wasan yara. Sharaɗin ɗaya ne, ka zo da maiɗakinka ku saurari bayani na minti 90.

Hajar da za a tallata muku sunanta taimshiya. Ma'ana ka sayi haƙƙin kwana a wani masaukin shaƙatawa na mako guda a kowace shekara, sauran makonnin na wasu ne. Yanzu ma galibi maki ake sayar maka, ka riƙa neman ɗaki da su, in ka dace akwai gurbi.

Ni na je, a shekarata ta biyu. Minti 90 ya zama awa huɗu. An ba mu shayi da kek, an kai yara ɗakin wasa, mai tallan ya tambayi sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Da na ce kuɗin ya yi yawa sai ya kira ogansa, farashi ya sauko. Na sake nokewa, wani ogan ya zo, ya ce ragin na yau ne kaɗai. A nan Bahaushe yake shiga uku, domin an tarbiyyantar da mu da kara. Mutum ya ba ka abinci, ya yi wasa da 'ya'yanka, yaya za ka dubi idonsa ka ce a'a? Su kuwa sana'arsu ke nan, shayin ma yana cikin lissafi. Uwargida ce ta cece mu. Ta juyo ta ce da ni da Hausa, "Malam, hutun da muke tarawa don zuwa gida Sallah, wane mako za ka yanka ka ba su?" Muka ɗauki yaranmu.

Kalmar da ta fi kama mutanenmu ita ce kadara. Mun saba da cewa fili ba ya faɗuwa, wanda ya saya a bayan gari shekara goma da suka wuce yau shi ke dariya. Taimshiya ba haka take ba. Ka leƙa eBay, shafin saye da sayarwa na intanet, za ka ga masu neman rabuwa da tasu a kan dala 1, kuma babu mai taya. Dalili shi ne kuɗin kula da gini da ake biya duk shekara, ko ka je ko ba ka je ba, wanda a Amurka matsakaicinsa ya haura dala 1,000, kuma kullum hawa yake. In ka saya bashi daga kamfanin, ruwan da ke kai ya fi na bashin gida nesa ba kusa ba, ga kuma batun riba ga mai kiyaye ta. Ka daina biya, su ɓata maka sunan bashi, wanda da shi za ka nemi hayar gida da mota gobe.

Maganar ta sha zuwa kotu. A 2016 kamfanin taimshiya na Diamond Resorts ya amince ya biya dala 800,000 don sasantawa da babban lauyan jihar Arizona, bayan ɗaruruwan koke-koke kan abin da masu talla ke faɗa wa mutane. A shekarar dai, masu taya alƙali yanke hukunci a San Francisco suka ba wata tsohuwar ma'aikaciyar kamfanin taimshiya na Wyndham diyyar dala miliyan 20, wadda daga baya aka rage, saboda an kore ta bayan ta kai ƙorafin yadda ake yaudarar tsofaffi. A Sifaniya kuwa, kotun ƙoli ta yanke a 2015 cewa yarjejeniyar da ba ta da wa'adi ta saɓa wa dokar 1998 wadda ta ƙayyade shekara 50, kuma masu saye da yawa sun karɓo kuɗinsu ta wannan hanya. Amma kada wannan ya ruɗe ka. Shari'a tana cin shekaru da kuɗin lauya, kuma yawancin takardun suna ɗauke da sakin layin da ke cewa duk alkawarin baka ba ya aiki. Idan mai talla ya ce za su sake saye daga hannunka, ko za ka riƙa ba da haya kana cin riba, ce masa ya nuna maka a rubuce.

Ga wanda ya riga ya sa hannu, akwai 'yan kwanakin da doka ta ba shi ya fasa ba tare da ya faɗi dalili ba: kwana 10 a Florida, 7 a California, 5 a Nevada. A Birtaniya da ƙasashen Tarayyar Turai kwana 14 ne, kuma haramun ne a karɓi ko sisi a cikinsu. Kada ka koma wurin mai tallan, zai sake zaunar da kai ne. Rubuta wasiƙar fasawa, ka aika ta gidan waya zuwa adireshin da ke cikin yarjejeniyar, ta hanyar da ake ba da rasit, ka adana kwafi.

Wanda wa'adin ya wuce masa kuma, wasu masu kiran suna jiransa, masu cewa ka biya su tukuna su fitar da kai. Ɗaya daga cikin manyansu, Timeshare Exit Team, ya biya dala miliyan 2.61 a 2021 bayan jihar Washington ta maka shi a kotu. Akwai kuma masu cewa sun samo maka mai saye, ka turo kuɗin haraji zuwa Meziko. Hukumar FBI ta ce tsakanin 2019 da 2023 kimanin mutum 6,000 sun yi asarar kusan dala miliyan 300 ta haka, kuma gwamnatin Amurka ta danganta harkar da gungun masu safarar ƙwaya na jihar Jalisco ta Meziko. Ka fara kiran kamfanin da ya sayar maka, ka tambaya ko suna da tsarin karɓar abinsu. In sun ƙi, ofishin babban lauyan jiharka yana karɓar ƙorafi kyauta.