Yadda na gyara gwajin kwatanta kaso tsakanin rukuni biyu

Ina kwatanta kason yaran da suka warke daga zazzaɓin cizon sauro a rukuni biyu, sai gwajin chi-square, wanda ke duba ko akwai bambanci tsakanin rukunai, ya ba ni p ƙasa da 0.05 (p lamba ce da idan ta yi ƙasa da 0.05 akan ɗauka bambancin ba na sa'a kawai ba ne), amma manhajar R, wadda nake lissafin da ita, ta yi gargaɗi kan ƙiyasin. Ashe rukuni ɗaya ya yi ƙanƙanta, adadin yaran da ake tsammani a wasu gidajen jadawalin ƙirgen, in da babu bambanci tsakanin rukunan, bai kai 5 ba. A irin wannan hali gwajin yakan nuna bambanci ya fi yadda yake ƙarfi.

Sai na koma gwajin Fisher, wanda ke lissafa yiwuwar kai tsaye daga jadawalin. Nan take p ya haura 0.05, wato babu isasshiyar hujjar bambanci tsakanin rukunan. Na kuma ƙara tazarar amincewa ta kashi 95, wato iyakokin da ake kyautata zaton ainihin bambancin yana tsakaninsu, don likita ya ga girman rashin tabbas kafin ya canza wa yara magani.