Yadda Za Ka Gyara Eriyar Talabijin Idan Hoto Ba Ya Fitowa Sosai

1. Fara da waya, don yawanci a nan matsalar take. Duba kan da ke shiga bayan talabijin da wanda ke jikin eriya. In ya yi tsatsa ko ruwan damina ya shiga, yanke wurin ka sa sabon kai.

2. Ɗaga eriyar ta wuce rufin kwano, domin kwano na tare sigina. Amma ka nisanci wayoyin lantarki, kuma kada ka hau rufi in hadari ya taso.

3. Juya ta a hankali zuwa ɓangaren da tashar take, wani na kallon hoton yana faɗa maka. Inda ya fi kyau, ɗaure sandar tam saboda iska.

4. Sake binciko tashoshi da rimot.