Yadda Ake Rubuta Labarin Masu Shan Jini Na Matasa

Zaɓen suna da tsara babi duk mai rubutu ya san su, ba zan tsaya a kansu ba.

Fara da kafa dokokin halittarka. Mai shan jini, wato mamacin da a almara yake tashi ya sha jinin rayayyu, ɗan gabashin Turai ne. Tsakanin 1725 da 1732 mutanen wasu ƙauyukan Sabiya sun riƙa tone kaburbura suna soka wa gawa turke a ƙirji don zargin tana tashi ta sha jini, jami'an Ostiriya kuma suna rubuta rahoto. Amma ba kowa ya yarda da doka ɗaya ba. A littafin Dracula na 1897 yana iya fita da rana, ƙarfinsa ne kawai ke raguwa. Fim ɗin Nosferatu na 1922 ne ya mayar da hasken rana ajalinsa. To zaɓi naka: tsoron tafarnuwa, rashin bayyana a madubi, ko ƙin shiga gida sai an yi masa izini. Rubuta su a takarda, kar ka karya ko ɗaya. Kuma kar ka haɗa shi da maye. Maye rayayye ne mai kama kurwa, wannan kuwa ya mutu ya tashi.

Na biyu, yunwa. Nan ne sababbin marubuta ke faɗuwa, na sha ganinsu. Sai su kawo kyakkyawan saurayi ɗan shekara 17, ga dukiya, ga ƙarfi, ba ya tsufa, sannan a babi na uku su ce ai jinin dabba yake sha. Shi ke nan labari ya mutu. In ba wanda zai cutu, me za a ɓoye? Dole cinsa ya zama asarar wani. Ba wa wanda aka sha jininsa suna, uwa, da jarrabawar da yake shirin yi. Bari mai karatu ya ga kujerarsa babu kowa a aji. Sannan ka sa yunwar ta riƙa ƙaruwa daidai lokacin da yake kusantar wadda yake so, har zama kusa da ita ya koma azaba. Ni dai ban yarda da mai shan jinin da bai taɓa yin abin da yake kunyar tunawa ba.

Daga nan sirri ke samun nauyi. Kar ka tona shi da wuri, kar kuma ya fito daga bakinsa. Yarinyar ce za ta gano da kanta: bai taɓa cin abinci a gabanta ba, hannunsa kullum sanyi ƙalau, ga tsohon hoto mai fuskarsa. Bayan ta sani, matsalar ta koma tata. Ta faɗa wa mahaifiyarta, ko ta yi shiru alhali ana neman ɗan ajinsu? Ƙaryarta ta farko a gida ta fi duk wani faɗa da za ka tsara muhimmanci.

Af, in a waya kake bugawa kana sakewa babi-babi, kammala rabin littafin kafin ka saki na farko. Masu karatu za su matsa maka ka tona asiri, ga kuɗin data, sai ka yi gaggawa.

Ƙarshe: ita tana girma, shi yana nan a 17. Ta zaɓa ko za ta zauna da shi ko ta rabu da shi, kuma zaɓin ya ci mata wani abu. Faɗan ƙarshe kar ya wuce babi ɗaya. Karanta da ƙarfi, cire duk inda mai shan jinin ya tsaya yana ba da tarihinsa fiye da shafi guda.